Kwamfutar Auta Ta Ƙi Buɗuwa

"Ba ni kwamfutar nan!"

Ko sallama Yaya bai yi ba ya faɗo ɗakina, idanunsa jajir. Ina tsaka da zana katin gayyatar wata mata, ya fizge ta daga kan cinyata har wayar cajin ta fice daga bango.

"Yaya, lafiya? Aikin mutane ne fa a ciki!"

"Aikin mutane ko aikin ɗan damfara? Ki jira Baba ya dawo, yau za a yi ta ta ƙare, ke da wannan malamin naki!"

Jiya-jiyan nan Umma ta sanar da Baba cewa Malamina yana son turo magabatansa, Baba ya ce zai yi tunani. Wanda ya san Babanmu kuwa ya san in ya ce a'a sau ɗaya, ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya sakewa. Na zube a bakin gado na fashe da kuka, don wallahi ina son bawan Allahn nan.

Bari in gaya muku yadda aka faro.

Kwamfutar tsohuwa ce tukuf, Yaya ne ya gaji da ita ya bar mini. Da ita nake buga wa 'yan unguwa takardu, in zana musu kati. In kika kunna ta, sai ki je ki yi wanka ki dawo ba ta gama farkawa ba. Mai gyara mini ita ɗan Goggona ne, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya, yana da shago a bakin titi. Sai ya riƙe ta kwana da kwanaki, ya dawo da ita da sabon ciwo da tsohuwar magana.

"Auta, ki yarda ki aure ni kawai, sabuwa dal zan saya miki."

Ni kuwa, Allah na tuba, ko a mafarki!

Wata ƙawata ce ta ce in je ɗakin karatun unguwarmu ranar Asabar, akwai masu raya matattun kwamfutoci a ɗakin baya. Na je ba don na yarda ba. Dogon tebur ne da wayoyi a hargitse, da wata fanka mai kukan tsiya. A tsaye wani siririn saurayi, malamin lissafi a makarantar sakandare, ƙafar gilashinsa ɗaure da zare.

Ya saurari kukana tsaf, ya ce, "Ba ta mutu ba, kaya ne suka yi mata nauyi. Za mu sauke mata tsohon tsarin, mu ɗora mata marar nauyi."

"Nawa ne?"

"Kyauta."

"Kyauta? Malam ni fa ba yarinya ba ce, ruwa ba ya tsami banza."

Ya yi dariya har gilashin ya zame. "Sunansa Linuks. Mutane ne daga ko'ina suka haɗu suka gina shi, suka bar shi a buɗe. Kowa ya ɗauka, kowa ya leƙa cikinsa, mai iyawa ya gyara ya ƙara. Ba a ɓoye komai ba."

Na tura masa kwamfutar. Sai kawai ya mayar da hannuwansa baya ya harɗe.

"Ba na taɓa kwamfutar kowa."

"To da baki za ka gyara?"

"Da hannunki. In na saka miki, gobe ko tari ta yi sai kin neme ni. In kika saka da kanki, taki ce."

Na harare shi. A raina na ce wannan ai raini ne.

Ya ce in koma gida in kwashe ayyukana a filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikinta, tukuna, don sabon tsari zai share komai. Asabar ta gaba ya miƙo mini wani filashin, ya nuna mini madannin da zan riƙe in na kunna. Kai jama'a! Kwamfutar da na sani da nawa ta buɗe wani sabon allo shuɗi tas, tana amsa mini kamar yarinya.

"Gwaji ne kawai, ba abin da ya taɓu," ya ce. "Ki yi wasa da shi. In bai yi miki ba, ki zare filashin, ki koma gidan jiya."

"Allah ya kiyaye in koma!"

Da muka zo inda aka rubuta a goge komai, sai na janye yatsana.

"Malam... in ta mutu fa?"

"Sai mu yi mata sallah mu sake gwadawa."

"Ba na son wasa!"

"Auta, kin kwashe aikinki. Ba abin da za ki rasa sai ciwon kai. Bismillah."

Na runtse ido na danna. Daga nan ta nemi kalmar sirrin da za ta kulle komai na ciki. Kafin in ɗaga kai ya juya ya fuskanci bango kamar yaron da aka hukunta.

"Ki sa doguwa, kuma kada ki gaya wa kowa. Har ni."

Ban san ranar da na fara son sa ba, amma ina zargin ƙeyar nan tasa.

Ba wai komai ya tafi sumul ba ne. Firintata ta yi kememe ta ƙi aiki, na kira shi ina masifa, na ce ya cuce ni. Bai yi fushi ba. Ya sa na buɗe wata baƙar taga da ake rubuta umarni a ciki, yana faɗa ina bugawa, ina kuskure yana cewa a sake. Da firintar ta yi gurnani ta tofo takarda, ihun da na yi sai da Umma ta leƙo da ludayi a hannu.

"Kin gani?" ya ce ta waya. "Yanzu ba kya buƙatata."

"To in ina son in neme ka fa?"

Na toshe bakina, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sai ya ce a hankali, "Da kin taimaki maraya, Autata."

Tun daga nan ya fara zuwa gaishe da Umma. Ni kuma ƙafata ta ɗauke daga shagon Injiniya, don kwamfutata ba ta ƙara ko atishawa ba. Ashe abin yana cin sa.

To ranar da Yaya ya ƙwace kwamfutar, bayan la'asar Baba ya tara mu a falo. Ga ta nan a kan tebur a rufe. Goggo ta hakimce a kujera, Injiniya a gefenta sai ƙamshin turare yake. Aka aika aka kira Malamina. Ya shigo ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da kowa, Goggo ta kawar da kai.

Baba ya ce, "Injiniya, maimaita abin da ka gaya wa yayanta."

Ya gyara zama. "Kawu, abin da yaron nan ya saka mata na 'yan damfara ne. Ku tambayi Umma, ba ta ganin Auta tana rubutu a wani baƙin allo? Da shi suke leƙen asirin mutane. Wa zai ba ka abu kyauta in ba da ƙugiya a ciki ba? Ga shaida ma, wani ne ya turo mini, ya ce daga wajen yaron nan ta fito."

Ya miƙa wayarsa. Hotona ne, ni da ƙawayena a ɗakina, kaina ba ɗankwali, muna shirme. Tsohon hoto ne da na taɓa ajiyewa a kwamfutar. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Umma ta hau salati.

Goggo ta tafa hannu. "Ga ɗan gida an ƙi, an kwaso bare. Ai ga irin ta nan!"

Baba tsohon direba ne, bai san komai a kan kwamfuta ba. Ya dubi Malamina ya ce, "Buɗe ta in ga abin da ka dasa."

"Baba, ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"Ban san kalmar sirrinta ba. Ban taɓa sa mata hannu ba ma, Auta ce ta yi komai da kanta. Hoton nan kuma yau na fara ganin sa, kuma na kawar da idona."

"Ƙarya yake!" in ji Injiniya.

Na share hawaye na ce, "Baba, wallahi bango ya kalla lokacin da nake sakawa. Ka bari in buɗe, kowa ya duba."

"Kada a ba ta, za ta goge shaida!" Injiniya ya jawo kwamfutar gabansa. "Ni zan buɗe, ai aikina ne."

Ya kunna. Ta nemi kalmar sirri. Ya buga wani abu, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya zaro filashi daga aljihu ya soka, ya danna nan ya danna can, gumi ya fara tsattsafo masa. Yaya yana tsaye a kansa yana cewa, "Yi sauri mana, ba kai ne Injiniya ba?"

Injiniya ya buga tebur da ƙarfi. "Kun gani ko? Shegen tsari ne! Tun ranar da aka saka mata shi, ko sau ɗaya ban ƙara samun shiga daga shago ba!"

Kowa ya juyo ya zuba masa ido.

Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. A hankali ya ce, "Daga shago? Kwamfuta tana ɗakin 'yata, kai kana shagonka... da kana shiga ke nan?"

"A'a Kawu, wato... don gyara ne... wani ɗan abu ne na saka saboda..."

"Da izinin wa?"

Yaya ya karɓe wayar Injiniya, ya yi ta shafawa, fuskarsa tana sauyawa. Ashe hotunana cike suke a ciki, har da waɗanda ni kaina na manta da su. Da ƙyar Umma ta riƙe Yaya kada ya far masa. Goggo ta miƙe ta zabga wa ɗanta mari, sannan ta fashe da kuka.

"Ka kunyata ni a gidan ɗan'uwana! Auta, ki yafe mini, 'yata."

Baba ya sa aka goge hotunan a gabansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce Injiniya ya fita. Malamina kuwa, Baba ya ce masa ya tashi ya tafi gida, Allah ya yi masa albarka. Iyakar abin da ya ce ke nan. Na bi bayansa da kallo, ban san me hakan ke nufi ba.

Yaya ya ajiye mini kwamfutar a cinya yana sosa ƙeya. "Ki yi haƙuri, ƙanwata."

Da kowa ya watse, Baba ya ce in matso.

"Auta, na kusa zaluntar ki. Tambaya ɗaya zan yi miki, kuma ban da sunkuyar da kai. Kina son yaron nan?"

Kunya ta rufe ni, amma na tuna irin wannan damar ba ta zuwa sau biyu.

"Ina son sa, Baba. Sosai."

"Ja'ira, ko ɗan jinkiri babu!" Ya yi murmushi. "Ki ce masa ya turo manyansa."

Da gudu na shige ɗaki, na ɗauki waya na kira Malamina. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Autata, kada ki yi kuka. Ko me Baba ya yanke..."

"Ya ce ka turo."

Na ƙara manna wayar a kunnena.

"Malam? Kana ji na? Masoyina?"

Sai na ji ƙarar faɗuwar waya a kan wani abu, da takun gudu, da bugun ƙofa. Malamin lissafi guda, mai natsuwar nan, ya manta bai kashe ba. Daga can nesa nake jiyo shi yana ƙwala wa mahaifiyarsa kira.

"Inna! Inna, ki fito! Sun ba ni ita!"