Mai Buɗe Littafi ta Baya

Ranar da ta fara shigowa shagon ɗab'in, Shiru yana yankan takarda. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan, don sai ya yini bai ce uffan ba.

"Kwafi talatin nake so," ta ce, ta ajiye ɗan littafi cike da taswirorin da ta zana. "Na wasa ne. A zagaye tebur, mutum ɗaya na ba da labari, saura kowa ya zama jarumi, ana jefa ɗan lido."

Ta baya ya buɗe, kamar yadda ya saba. Ga sunansa a shafin ƙarshe.

Shi ya rubuta dokokin wasan shekara biyu da suka wuce, ya sake su a intanet da buɗaɗɗen lasisi. Kowa na iya ɗora nasa labarin a kai, har ya sayar, muddin ya sa sunan wanda ya ara a wurinsa a shafin ƙarshe. Abin tausayi, mai wasan bai taɓa samun abokin yi ba. Kujera huɗu ya saya wa teburin ɗakinsa, ukun ƙura kawai suke sha.

"Kin san wannan Shirun?"

"Ina fa. Amma daga rubutunsa, kaɗaici ya dafa shi."

"Ya dafa shi kam," ya ce, idonsa a ƙasa. Nan ta gane, kunya ta rufe ta.

Bakin da ba ya magana, ashe yatsunsa sun iya. "Mai Taswirata, yau na goge kujera ɗaya," ya rubuta mata.

"Goge biyu, Shiruna. Da Yaya zan zo, ita ma tana son takobi."

Amma da maganar aure ta taso, Babanta ya ce bai san zancen ba. "Wanda ya bar wa duniya guminsa kyauta, da me zai riƙe ki?" Shi ɗan amininsa yake so, mai kamfanin wasanni, wanda ya yi alkawarin buga littattafanta idan ta bar dokokin Shiru ta koma kan nasa, masu kulle.

Wata guda ba ta leƙo ba, an ce ta dakata. Ƙura ta koma kan kujeru.

Sai ga sabon littafinta ya iso shagon a ambulan. Shiru ya juya baya. Babu sunansa. Ya duba sau uku, ya kife shi a kan inji, ya fita bakin titi ya tsaya yana kallon motoci. Bai taɓa jin shi kaɗai ne a duniya irin na ranar ba.

"Na ga shafin ƙarshe. Allah ya sa hakan ne alheri," ya aika.

Amsa ta zo nan take. "Bawan Allah, sau ɗaya a rayuwarka ka buɗe littafi ta gaba."

Da gudu ya koma. A bangon gaba, ga sunansa kusa da nata.

"Shafin ƙarshe na waɗanda aka ara a wurinsu ne," ta ƙara. "Ni na gaji da aro."

Ashe watan nan neman littattafan da baƙi suka ɗora a kan dokokinsa ta yi, har ashirin da uku, kowanne da sunan Shiru a baya. Ta zube su gaban Baba ta ce, "Baba, wanda bai yi wa bare rowa ba, ni zai yi wa?" Tsohon ya jujjuya su ɗaya bayan ɗaya, ta baya shi ma. Daga ƙarshe ya ce a turo magabata.

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun angon. "Yadda ka buɗe wa mutane, Allah ya buɗe maka. Allah ya yi muku albarka."

Sati na zagayowa, wasu daga cikin marubutan littattafan nan suka zo ganin amarya, kowa da ɗan lidonsa a aljihu. Shiru ya ƙirga kujerunsa huɗu, ya ƙirga mutane, ya dubi matarsa.

"Tsayuwar me kake yi?" ta ce tana dariya. "Je ka aro a maƙwabta."