Gaisuwar da Ta Ɓace a Zaure

Murjanatu ta fara ganin Jibrin a mashigin jiragen ruwa na Wara, ranar kasuwa. Ta shiga jirginsa, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ba ka karya kumallo ba, kuma injin nan sabo ne."

"Wa ya gaya miki?"

"Idonka na wajen mai ƙosai, hannunka na shafa inji kamar jariri."

Ya yi dariya har ya manta da karɓar kuɗin mutum biyu.

Ɗiyar hakimin wani gari ce a bakin tabkin Kainji, kuma ta yi suna wajen bincike. Ita ta gano takalmin liman da ya ɓace ranar Juma'a, ita ta gano mai sakin awaki cikin gonar albasar fada. Fadawa na yabonta a gabanta, suna kaffa-kaffa da ita a bayanta.

Kafin damina ta wuce, saƙonnin waya sun fara kai da kawowa tsakaninta da Jibrin.

"Gimbiyata, yau ruwa ya kwanta. Saura ke."

"Direbana, ka kalli gabanka. Ina nan inda ka bar ni."

Da magana ta kai ga Hakimi, sai ya girgiza kai. A garin, mai neman aure yakan riƙa aika gaisuwa gidan iyayen yarinya, kuma idan uba ya ci, an ɗauka ya amince.

"Wanga yaro ko ƙayar kifi bai taɓa aiko mini ba," in ji shi. "Dubi Zaharaddeen, ɗan ƙanena. Duk zuwansa daga Yelwa da katan ɗin lemo. Ba ni tilasta miki kowa, amma ba ni ba marar ladabi ɗiyata."

Ta koma ɗaki ta rubuta: "Ashe rowa gare ka? Ka sa na ji kunya gaban Baba."

Amsa ta zo nan take: "Wallahi duk ranar kasuwa sai na kawo kwandon bandar kifi. Giwan ruwa, da gishiri da yaji, innata ke gyarawa."

"A hannun wa kake bayarwa?"

"Ajiyewa nake a ƙofar fada in wuce. Idan na tsaya surukina ya fito fa? Ina zan sa idona?"

Ta karanta, ta ajiye wayar. Fushin ya tafi, aiki ya samu.

Ranar kasuwa ta gaba ta zauna a barandar sama da kofin shayi. Ta ga Jibrin ya dire kwando ya juya da sauri kamar wanda aka koro. Ba ta bi kwandon ba, don ta san da ta motsa kowa zai gyara hali. Kyanwoyin fada ta sa wa ido.

Da hantsi suna zagaye da Hammadu dogari a zauren farko. Da azahar sun koma wajen Shamaki, mai kula da zauren tsakiya. Da la'asar suna bin zanin Jakadiya Indo, mai kai saƙo cikin gida.

Ta tare su ɗaya bayan ɗaya.

"Ranki ya daɗe, guda ɗaya na ɗauka," in ji Hammadu. "Haƙƙin ƙofa ne, tun kakanni. Kuma kaya ba suna."

Shamaki ya ce shi ma haƙƙinsa ya cira, da na mai ɗakinsa. Jakadiya ta ce ita ma ta ɗan taɓa, ta rufe baki da mayafi.

"Iya Indo, abin da ya rage fa?"

"Ɗiyata, kar ki sa ni cikin magana."

Murjanatu ba ta matsa ba. Ta riga ta ga inda babbar kyanwar ta kwanta: ƙofar turakar Hakimi, mutumin da likita ya hana wa gishiri saboda hawan jini, wanda Inna, mahaifiyar Murjanatu, ke auna wa miya da kanta.

Bayan sallar magariba ta shiga gaishe shi, ta tarar da Inna zaune a gefe.

"Baba, na gano ɓarayin gaisuwar Jibrin. Su huɗu ne. Uku sun amsa."

"Na huɗun fa?" in ji Inna.

"Babba ne, Inna. Sai Baba ya ba ni izini in faɗi sunansa."

Hakimi ya yi gyaran murya, ya tura wani kwano ƙarƙashin kujera da ƙafa. Inna ta bi ƙafar da kallo.

"Indo ce ta ce mini wani bawan Allah ke ajiyewa," ya ce a hankali. "Ni ban tambaya ba. Kifin nasa ne?"

"Nasa ne. Kunyarka ke hana shi tsayawa."

Hakimi ya ce, "Yaron da ke gudun haɗa ido da ni ba marar ladabi ba ne. Kuma na ci, ba sau ɗaya ba. A ce wa iyayensa su zo."

"Ni da kai kuma muna da magana," in ji Inna, ta miƙa hannu ta jawo kwanon.

An ɗaura aure bayan girbin shinkafa. Zaharaddeen ya halarta, shi ya raba goro. Jiragen masunta daga Wara har Shanga suka cika bakin ruwa don rakiyar amarya.

Da aka kawo ango gaban Hakimi, ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Ɗago, Jibrin," in ji Hakimi. "Ga amana na ba ka. Shawara ɗaya: kada ka ɓoye mata komai, ɓata lokacinka za ka yi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari."

Fada ta amsa da amin.