Fata a Bakin Ƙararrawa

Shekara guda Rhoda Tapping da Dominic Ferrow suna tsayawa wuri ɗaya a tashar Ashmere, suna jiran jirgin ƙasa na bakwai da kwata mai zuwa Landan, ba wanda ya taɓa ce wa ɗan uwansa uffan. Sai ranar da aka soke jirgin ya dube ta.

"Ko mu sha shayi? Tunda an ba mu hutun dole."

Daga shayin nan komai ya fara.

Mahaifinta Gilbert shi ne shugaban masu kaɗa ƙararrawar cocin garin, kamar kakansa. A da garin ƙauye ne mai gida arba'in, har layin dogo ya zo ya ratsa tsakiyar gonarsu. Waɗanda suka tare daga baya, masu fita da safe su dawo da yamma, 'yan kwana yake kiransu.

Ranar da ta gaya masa maganar aure, ya ce, "Ɗan kwana za ki aura? Ga Neville, shekara goma muna jan igiyar ƙararrawa tare."

"Baba, Dominic nake so."

"To, aure shi. Amma ranar zan ɗaura wa ƙararrawa fata."

Ba a ɗaura fata sai an yi mutuwa, don sautin ya dushe. Ta ji shi ranar jana'izar mahaifiyarta. Duk garin zai san ubanta ya binne ta da ranta.

Sai kuma Dominic ya fara ɓacewa kowace Talata da yamma, wayarsa a kashe.

Ta tura masa saƙo: "Idan ka tsorata ne, ko akwai wata, ka faɗa min."

Ya amsa: "Masoyiyata, ke kaɗai ce. Ki ƙara haƙuri."

Ba ta yarda ba, ba ta kuma fasa ba.

Ranar aure Gilbert ya raka ta gaban limamin coci, ya juya ya hau hasumiyar ƙararrawa. Rhoda ta yi alkawarinta. Da Dominic ya riƙe hannunta, ta ji tafinsa ya yi kaushi, duk ya yi kanta.

Suka nufi ƙofa. Ta tsaya a dokin ƙofar, ta kasa kunne.

Ƙararrawa takwas suka ɓarke tangararan, babu fata, har tattabaru suka watse daga rufin.

Can Gilbert ya sauko yana share gumi, ya nuna Dominic da haɓa.

"Mijin nan naki bai iya jan igiya ba. Wata shida yana kashe min kunne."

Ta dubi tafin Dominic, ta dubi mahaifinta.

"Amma ko Talata ɗaya bai taɓa fashi ba," in ji Gilbert. Ya gyara mata mayafi. "Allah ya yi muku albarka. Kai kuma, ranar Talata ƙarfe bakwai da rabi, kada ka makara."