Tabo Mai Sanyi a Taswirar Shafa'atu

Zafin Madina ya kori Shafa'atu zuwa saman bene bayan isha'i, a gidansu na unguwar Harra ta Yamma. Ta kulle ƙofa, ta buɗe kwamfuta. Shekara huɗu ke nan tana haɗa taswirar hasken farko na sararin samaniya, wanda na'urar hangen nesa ta auno daga jikin ƙatuwar balan-balan. Gobe za ta miƙa aikin ga jami'a.

"Ya binti, 'yata, goge wannan tabon."

Wata tsohuwa ce tsaye a bayanta, tana nuna tabon da ke nuna wuri mafi sanyi a taswirar. Muryarta kamar daga ƙasan rijiya.

"Hajiya, awo ne. Sau uku muka auna."

"Ƙofar gidanmu ce. Kun leƙa babu sallama."

"To, salamu alaikum. Amma ba zan goge ba, khalas, magana ta ƙare. Abin da Allah Ya bari a fili, babu mai sa ni ɓoyewa."

Maimakon amsa sallamar, sai tsohuwar ta ɓace.

Shafa'atu ta aika aikin nan take, ta kai hannu ga shayin da ta hau da shi da zafinsa. Ya zama ƙanƙara. Makullin ƙofar kuwa yana nan cikin aljihunta.