Ranar Da Inna Ta Zo Ɗaukata

"Wallahi Deen, idan ka fitar da akwatin nan, ni da kai mun ɓata."

A kan akwatin nake zaune lokacin da na faɗi haka, ga ciki tirim a gabana, ga baya yana sara mini tun da gari ya waye. Muhyiddeen ya durƙusa ya kama ƙafafuna da suka kumbura yana matsawa a hankali, wai shi a dole lallashi.

"'Yar Fillona... mahaifiyarki ce fa."

"Na fi ka saninta, shi ya sa."

Inna Hajjo tana waje a gindin mangwaron ƙofar gidanmu da ke Tunga, zaune a kan tabarmar da ta zo da ita tun daga Kuta. Ko tamu tabarmar ba ta yarda an shimfiɗa mata ba. Tun da aka kawo ni gidan nan ƙafarta ba ta taɓa tsallake ƙofarsa ba. Ba ta so auren ba, ta kuma faɗa a gaban kowa. Wai duk samarin danginmu na rasa wanda zan ɗauko sai Banufen Bida mai haɗa tagogin alminiyom. Baffana ne ya ɗaura auren da ya ga na kafe, ita kuwa ta ɗauke kai daga kanmu.

Yau ta zo ɗaukata goyon ciki, don a wurinmu cikin fari a gaban uwa ake sauke shi. Da a ce iyakar maganar ke nan, ai da gudu zan shige mota. To amma wanda ya tuƙo ta Garuba ne, ɗan Baffa, wanda ya so ni na ce ba na yi. Tun daga lokacin bakinsa bai huta ba. Shi ne mai kai wa Inna labarin cewa na rame, wai Banufe ya kulle ni a ɗaki ɗaya, ba nono ba nama, sai kifi safe da yamma. Ni da nake cin kifin nan har ina lashe yatsu! Ƙanwata ta kira ni a ɓoye ta ce in yi hankali, sun gama magana: idan na shiga Kuta ba za a dawo da ni ba, ana gama wanka za a nemi takardata.

Duk na kwashe na faɗa wa Deen. Ya ce ya sani, amma ba zai zama mutumin da ya hana uwa 'yarta ba, kuma idan ya ƙi yau ya gaskata duk ƙaryar da Garuba ya yi masa. Ya ce zai riƙa bin sawuna duk Juma'a, ko kora suka yi masa zai koma.

Wannan haƙurin nasa shi ya sa na so shi, ranar kuwa ji na yi kamar in shaƙe shi.

"Ba ka sona ne kawai," na ce.

Ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun yi ja.

"Nabila, jiya ko ruwa ban iya haɗiya ba. Kada ki ƙara faɗin haka."

Na buɗe baki zan mayar masa, sai wani abu ya murɗa mini mara, ya zagayo ta baya ya ɗaure ni tamau. Na dafe gefen akwati na haɗiye numfashi. Ya tambayi lafiya, na ce lafiya lau.

Ƙarya nake yi. Tun safe abin yake zuwa yana tafiya, na yi shiru. Mu an raine mu a kan cewa mace ba ta nuna ciwon haihuwa, abin kunya ne. Tun ina yarinya nake jin labarin yadda Inna ta haife ni ita kaɗai a bayan ɗaki, ko tari ba a ji ta yi ba. Ga shi a wurin awo kowa cewa take haihuwar fari sai an kwana an wuni, lissafin asibiti ma ya nuna da saura. Kuma na san idan na ce naƙuda ce, Garuba zai ce makirci na shirya don kada a tafi da ni.

Na miƙe da nufin in fita in gaishe da Inna. Ina kaiwa bakin ƙofar ɗaki na ji wani fas, ruwa mai ɗumi ya biyo ƙafafuna har ƙasa.

Faya ta fashe.

Daga nan kam ban ƙara samun sararin yin kunya ba. Ciwo ɗaya bai gama sakina ba wani ya taso. Na zube a kan gwiwoyina na rungume ƙafar gado. Deen ya ruɗe, ya lalubo waya ya kira Sista Dorothy, nas ɗin da take duba ni a asibitin unguwarmu. Ta ce a kawo ni yanzu-yanzu. Ya zabura zai fita neman keke napep, na damƙe rigarsa.

"Ba zan iya tashi ba... Deen, abin ya sauko."

"Wane abu?"

"Ɗanka mana, wane abu kuma!"

Ya sake kiranta yana in'ina, ta ce kada a motsa ni, ga ta nan a kan mashin. Nishi ya taso mini da kansa, ba ni na kira shi ba. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na ce masa mutuwa zan yi, ya yafe mini rashin kunyar da na yi masa ɗazu. Ya tallafi fuskata da hannu biyu ya ce ba inda zan je, ya sumbaci goshina, ya ɓamɓare yatsuna daga rigarsa ya fice da gudu ko takalmi babu.

Abin da ya faru a waje daga baya ya ba ni labari. Ya je ya zube a gaban Inna, shi da ko gaisuwa sai ta bakin Garuba take amsa masa. Mijin nan nawa idan ya ruɗe Hausarsa gudu take yi ta bar shi, don haka cewa ya yi, "Inna, ka zo, ka taimake ni, zai haihu." Garuba ya yi dariya ya ce ai dama ya faɗa, shiri ne, a fito da ita kawai akwai asibiti a hanya. Inna ta sunkuyar da kai tana kallon tabarma.

Ni kuwa a ɗaki na ji kamar ƙashin bayana zai rabe biyu. Na manta da kunyar Fulani, na manta da labarin bayan ɗaki, na buɗe murya iya ƙarfina.

"Innaaa!"

Deen ya ce bai ga lokacin da ta tashi ba. Ya dai ga mayafinta ya wuce shi.

Ta faɗo ɗakin da takalminta. Kallo ɗaya ta yi mini ta janyo zanin gado ta shimfiɗa a ƙarƙashina, ta wanke hannu da ruwan buta, ta durƙusa. Ba tare da ta waiwaya ba ta ce namiji ya fita. Amma na riga na cafke hannun Deen.

"Inna ki bar mini shi... don Allah ki bar shi."

Ta dubi hannuna, ta dubi nasa, ta ƙyale shi. Haka ya durƙusa a gabana na rataya a wuyansa, ya juya fuska ga bango don kunyar surukarsa, ita ma tana bayana ta ƙi ɗaga ido don kunyarsa. Ni ce a tsakiya ina ihu. Yana ta karanto mini addu'a a kunne, yana haɗawa da Nufanci, yana cewa, "Sannu masoyiyata, sannu, saura kaɗan." Da ciwon ya kai ƙarshe na kafa masa haƙora a dantse. Ko motsi bai yi ba.

Ƙarfina ya ƙare, na ce na gaji, ba zan iya ba.

"Nabila," Inna ta ce. "Ga kai nan a hannuna. Yi nishi, Nabila, 'yata."

Ni ce 'yarta ta fari, kuma a al'adarmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun da na yi wayo "ke" nake, ko "waccan". Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Kuka ya zo mini tare da wani ƙarfi da ban san ina da shi ba, na tattara duka na yi nishi ɗaya mai tsawo.

Sai na ji sulɓ, nauyin duniya ya sauka daga jikina.

Ɗakin ya yi tsit. Na jira kuka ban ji ba. Na ji jikin Deen ya sandare a jikina. Inna ta kifa jaririyar a tafin hannunta, ta share mata baki da hanci, ta shiga murza mata baya da gefen mayafi tana bismilla. Can sai ga 'yar murya, siririya, mai masifa, ta cika ɗakin.

"Mace ce," in ji Inna.

Ta ɗora mini ita a ƙirji, ɗumi-ɗumi, da santsi, da gashi kwance luf a ka. Na ga hancin Deen sak a fuskarta, na yi dariya ina hawaye. Ruwan da maƙwabciyarmu ta ɗora a wuta da ta ji ihuna ko tafasa bai yi ba.

Mabiyiya ta faɗo ke nan Sista Dorothy ta shigo da jakarta tana haki. Ta yanke cibiya, ta duba ni ta duba yarinya, ta ce komai lafiya, amma in na huta a kai mu asibiti a sake dubawa. Ta ce ita dai a aikinta ba ta cika ganin 'yar fari mai gaggawa irin wannan ba, ko jiran a yi mata sannu da zuwa ba ta yi ba.

Deen ya fita ya tsaya a bakin ƙofa don a gyara ni. Daga inda nake kwance ina hango shi ta gefen labule, riga a yage, dantse yana tsattsafar da jini, kai a ƙasa.

Sai ga muryar Garuba daga tsakar gida. Ya yi barka sama-sama, ya ce to alhamdulillahi, tunda an sauka lafiya sai a biya asibitin da mota, daga can a wuce Kuta tun rana ba ta yi sanyi ba, wanka ai a gida ake yinsa.

Na ƙanƙame 'yata. Na san Deen ba zai yi musu ba. Idan Inna ta ce a tafi, da hannunsa zai buɗe mana ƙofar mota, ya dawo ɗakin nan shi kaɗai.

"Inna," na ce a hankali, "ina son mijina. Ban taɓa kwana da yunwa a gidan nan ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Idan kika tafi da ni zan bi ki, amma da kuka zan zauna."

Ba ta dube ni ba. Ta karɓi jaririyar ta naɗe ta a zani, ta daɗe tana kallon ƙofa, daidai inda dantsen nan yake. Sannan ta ɗaga murya ta kira Garuba. Ta ce ya koma gida, ya faɗa wa ƙanwata ta haɗa mata kayan sawarta, da babbar tukunyar wanka, da gero da kanwa. Ya fara cewa, "Amma Inna..." ta ce a saka kayan a motar haya, ba sai ya wahalar da kansa ya dawo ba.

Muna ji ya tayar da mota ya tafi.

Inna ta gyara zama a bakin gadonmu. Har yanzu ba ta iya yi wa surukinta magana kai tsaye ba, don haka ta sunkuya ta dubi jaririyar da ke hannunta.

"Ke kuma sarkin gaggawa, faɗa wa babanki ya daina tsayuwa a waje kamar baƙo. Ya shigo ya yi miki kiran salla."

Deen ya ɗaga labule ya shigo a durƙushe. Ta miƙa masa ita hannu da hannu. Ya kai bakinsa kunnen 'yarmu ya ce Allahu Akbar, kuka ya ƙwace masa. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Na miƙa hannu na riƙe gefen yagaggiyar rigarsa.

"A hankali, ɗana," Inna ta ce, idonta a kan bango. "Ba inda za mu je."