Uwar Kaset

Ranar da abin ya fara babu wata alama da aka gani. Rana ta faɗa bayan duwatsu, an kira magariba a masallacin unguwar Takur a garin Dutse, Adama tana kwashe tuwo, 'yarta Zulaihatu tana ɗauraye kwanuka tana zuba surutu kamar yadda ta saba. Sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Adama ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo daidai ƙafarta. Da ta ɗauka ta ji shi jiƙe sharkaf, da sanyi, da gansakuka a jikinsa, alhali an fi wata huɗu rabon garin da ruwan sama.

Maigidan, Yahuza, ma'aikaci ne a sakatariya, amma ba can zuciyarsa take ba. A ɗakin zaure yana da rikoda mai baki biyu da makirfo da katan-katan na kaset. Mutane suna ɗaukar waƙa, shi yana ɗaukar gurnanin injin niƙa da ƙugin taransifoma da kukan iska a kogon dutse. Ya danne zaren kaset ɗin da yatsa sautin ya yi nauyi, ya ɗora wani kan wani, ya kwafa, ya rubuta suna da biro. Masu shirya fim a Kano suna karɓa don wurin ban tsoro, wasu samari kaɗan kuma suna saurare haka kawai, Allah kaɗai ya san daɗin me suke ji. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a makaɗa suka yi laƙwas, shi ko ko a jikinsa. Cewa yake nasa ba ganga ba garaya, wa zai kama mutum don ya ɗauki kukan inji?

Sati uku kafin faɗuwar dutsen nan ya je wata tsohuwar rijiya da ke cikin dabinai a bayan gari, wadda aka daina ɗiba tun zamanin kakanni. Ba shi da sabon kaset ran nan, sai ya ɗauki wanda aka naɗi karatun Zulaihatu a walimar islamiyya. Adama da hannunta ta ɓalle ɗan kunnen da ke ƙeyar kaset ɗin, don in an ɓalle shi ba a iya naɗar wani abu a kai. Yahuza ya liƙe ramin da salatif. Da almuru ya ɗaure makirfo a igiya ya zura cikin rijiyar, ba sallama ba bisimilla, kamar gidan ubansa. Abin da ya hawo da shi kuwa wani kuka ne mai tsawo, ba na mutum ba, ba na dabba ba. Bai taɓa murna irin ta ranar ba. Cikin kwana goma kwafi ya kai Kano.

Jifa ta ci gaba kullum tsakanin magariba da isha. Rana ta huɗu rikoda ta kunna kanta, ga wuta an ɗauke, ga ba batir a cikinta. Rana ta biyar Zulaihatu tana cikin ba uwarta labari ta tsaya cak, ta zube ƙasa, bakinta ya buɗe. Kukan rijiyar nan ne ya fito daga ƙirjin yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, a hankali, da nauyi, kamar yadda yatsan ubanta ya ja shi.

Yahuza ya gane shi tun daga farkonsa, ya kuwa ja bakinsa ya yi shiru. Kwana shida yarinyar tana faɗuwa, tana ramewa, yana tsaye a kanta yana salati da baki. Ran na bakwai Adama ta sunkuya ta riƙe kan 'yarta, sai ta hango jar fitilar wata ƙaramar rikoda tana ci a ƙarƙashin babbar rigarsa. Ɗauka yake yi.

"Malam," ta ce a hankali, "'yarka ce fa."

"Don a nuna wa masu magani ne," in ji shi.

Tun ranar ta tsane shi, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Da safe ta aika wa danginta a Kafin Hausa, suka turo Modibbo, wani tsohon malami Bafillace da aka san shi da ruƙiyya.

Bayan la'asar Modibbo ya iso. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka rufe yarinyar da zane, ya zauna yana karatu ba gaggawa. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta cinye tsakar gidan. Kaji suka shige akurki. Can kukan ya taso, ya yi ta yi, sannan ya yanke. Murya ta fito, ta tsohuwar mace.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, baiwar Allah? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Ɗana ya mutu. Ran sadakar uku muna zaman makoki, sai ga baƙin abu ya sauko mana a igiya. Ubanta ya ɗauki kukana, ya ja shi, ya rarraba. Yanzu ana kunna shi a gidan kallo, ana cin gyaɗa ana dariya. Ku haka kuke yi wa gidan mutuwa?"

Modibbo ya juya ya dubi Yahuza. Yahuza ya dubi ƙasa.

"An zalunce ki," in ji Modibbo. "Amma ke ma zalunci kike yi. Faɗi abin da zai raba ki da ita."

"A dawo min da kukana duka."

"Wannan zarar bunu ne, ya riga ya fita. Ko sarki ba zai iya tattaro shi ba. Nemi abin da hannu zai kai."

Adama tana jin numfashin 'yarta yana fita da ƙyar.

"To kaset na farkon," in ji muryar. "Wanda ya fara ɗaukar kukana a rijiya. Gobe kafin rana ta faɗi ubanta ya zo ya yi sallama, ya yi min ta'aziyya, ya sako shi. In ya yi haka na yafe sauran. In ya ha'ince ni, murya da murya."

Modibbo ya sa ta rantse, ya sa Yahuza ma ya rantse. Ɗan yatsan ƙafar yarinyar ya karkaɗa sau uku, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce, "Umma, yunwa nake ji." Adama ta fashe da kuka.

Hali zanen dutse. Na farkon nan shi masu sana'ar ke kira uwar kaset, daga shi ake kwafar sauran, kuma babu kwafin da yake kai shi tsabta. Washegari Yahuza ya shige ɗakin zaure ya kulle. Ya juya uwar a hannu, ya ajiye, ya sake ɗauka. Ya ce a ransa aljanar da ke cikin rijiya ina ta san kan kaset? Ya kwafi sabo, ya ɓare takardar jikin uwar ya manna masa, har liƙa masa salatif bai manta ba. Abin da ya manta shi ne abin da shi da kansa yake gaya wa masu saye: kowane kwafi yana zuwa da wani ɗan huci a ƙarƙashinsa, shiii, kamar iska a bututu.

Suka je rijiyar da Modibbo. Yahuza ya yi sallama, ya yi ta'aziyya da murya mai rawa har tsohon ya tausaya masa, ya saki kaset. Ba su ji ƙarar faɗawarsa ruwa ba.

Da suka dawo gida tsit, ba jifa, ba komai. Zulaihatu tana zaune a bakin murhu tana tsince shinkafa. Ta ga ubanta ta buɗe baki za ta yi masa sannu da zuwa. Abin da ya fito shi ne shiii. Ta sake gwadawa. Ta kama maƙogwaronta, ta dubi uwarta.

Kwana uku Modibbo yana karatu a kanta. Ran na uku ya rufe littafinsa.

"Babu kowa a jikinta da zan yi magana da shi," ya ce. "Aljanar ta tafi. Alkawari biyu ta yi, ta kuma cika wanda aka zaɓa mata. Malam Yahuza, me ka jefa a rijiyar nan?"

A ranar Yahuza ya ruga da uwar kaset ɗin ya jefa, yana kuka yana roƙo, wannan karon da gaske. Da asuba ya buɗe ƙofar zaure ya tarar da shi a kan dokin ƙofa, a bushe, ko ɗigon ruwa babu. Ya mayar har sau uku, sau uku yana dawowa.

An kai yarinyar asibiti a Dutse, an kai ta Kano, aka ce maƙogwaronta lafiya lau. Bayan wata guda, da kewa ta ishi Adama, ta tsaya a ƙofar ɗakin zaure, karo na farko tun faruwar abin.

"Ba ni kaset ɗin walimarta," ta ce. "Muryarta nake so in ji."

Mutumin da ya ɗauki kukan kowane injin niƙa a Dutse ba shi da muryar 'yarsa a ko'ina cikin katan-katan ɗin nan. Ya miƙa mata uwar kaset, bai iya ɗaga kai ba. Ta ga salatif a kan kunnen da ta ɓalle, ta gane.

Ta kunna duk da haka. Ta zauna ta sha kukan rijiyar tun daga farko har ƙarshe, Zulaihatu na jingine da kafaɗarta. Da kukan ya yanke aka ji ƙas, inda Yahuza ya kashe rikoda ran nan. A ɗan guntun zaren da ya rage sai ga hayaniyar walima, ga muryar yarinya tana dariya.

"Baba, ya ɗauka? Mayar min in ji."

Har yau kaset ɗin yana wurin Adama, naɗe cikin ɗankwali a ƙasan akwati. Da biro take mayar da zaren baya, kaɗan-kaɗan, don kada rikoda ta cinye shi.