Hatimin Honorabul

Ƙarfe goma na safe aka kira Sufeto, wai hatimin Honorabul ya ɓata. Shi kuwa ya tsani ofishin 'yan siyasa, don bai taɓa yin tambaya a can an ba shi amsa a miƙe ba.

Ya tarar da ɗaliban jami'a uku sun yi jugum-jugum kusa da jakunkunansu. Wata huɗu suka yi suna sanin makamar aiki a ofishin ɗan majalisar, yau suka gama. Motarsu ƙarfe biyu za ta tashi, kuma duk wanda ya koma ba hatimi a littafin aikinsa, zangon ya tashi a banza, sai ya maimaita. Honorabul ya yi tafiya, Sakatare ne aka bar wa aikin bugawa.

Sakatare ya ɗingiso ya nuna durowa. Ya rantse jiya da yamma da hannunsa ya kulle hatimin a ciki. Sufeto ya duba, ba a ɓalle makulli ba.

Ya fara da ɗalibin da ake kira Ɗan Gayu. "Ina kake jiya da yamma?"

"Yallaɓai, wannan tambaya ce mai muhimmanci, kuma muna kan duba ta."

Sai da Sufeto ya ajiye ankwa a kan tebur sannan Ɗan Gayu ya tuna barci yake yi a ɗakin taro. Na biyun, Mai Gilashi, cewa ya yi a kafa kwamiti. Wata huɗun dai ba su tafi a banza ba.

Ta ukun, Doguwa, ita ce mai kuka, don mahaifiyarta ta riga ta gaya wa dangi bana 'yarta za ta gama. Tausayinta ya kama Sufeto. Ya tambaye ta aikinta a ofis. Ta ce komai: wasiƙu, jawabai, amsa waya.

"To Sakatare fa?"

"Shi yake duba jarida."

Sufeto ya ce a kawo takardar sanarwar ɓatan hatimin. A ƙasanta har an roƙi jami'a ta bar ɗaliban su ƙara wata biyu. Ya kalli kwanan wata, ya sake kallo.

"Yaushe kika buga wannan?"

"Shekaranjiya. Sakatare ya ce in buga."

"Shekaranjiya ai hatimin bai ɓata ba."

"Na ɗauka haka ake yi, Yallaɓai. Jawabin cin zaɓe ma tun kafin zaɓe muka rubuta."

Sufeto ya juya ga Sakatare, ya ce ya cire takalmi ya ga ciwon da ke sa shi ɗingishi. Safar ta rine da shuɗiyar tawada, ga hatimi a maƙale a ciki.

Sakatare ya zube a kujera. Ya ce wata huɗu bai taɓa kwamfuta ba, har lambar sirrin ya manta, ga Honorabul ya saba da jawabi mai daɗi. Idan yarinyar nan ta tafi, asirinsa ya tonu.

Da ankwa a hannu ya buga wa littattafan uku hatimi. Ɗaliban suka suri jakunkuna, biyu saura kwata.

A bakin motar 'yan sanda Sufeto ya gaya wa Sakatare zai rubuta bayaninsa a caji ofis. Sakatare ya tsaya cak, ya waiga yana neman Doguwa.

"Yallaɓai, ko za a tsayar da ita ta ɗan rubuta min?"